Haƙorin Auta da Amanar da Muka Ci

 

Da Malam ya ce kowane ɗaki ya kawo abin da za a sa cikin ɗan littafin makaranta na bana, mu ƴan ɗaki na uku ba mu yi doguwar shawara ba. Abu ɗaya ne ya same mu a shekarar nan wanda har yanzu in aka tuno shi sai hira ta tsaya, shi ne haƙorin Auta. Da yawa cikinku kun ji labarin gutsi-gutsi. Wasu sun ce hangum ne ya kama shi, wasu ma sun ce aljani ne ya mare shi a bayan ɗaki. Mu da muke kwana tare da shi mun ga ya dace mu faɗe shi yadda ya faru, har da wurin da laifinmu yake. Shi da kansa ya ba mu izini, bisa sharaɗin kada mu rubuta sunansa. Dama Auta muke ce masa, don shi ne ƙaraminmu, shekararsa 14.

Mu takwas ne a ɗakin, kuma dukanmu baƙi ne a Damagaram. Akwai ƴan Mirya, akwai na Magarya da na Matamaye, shi kuwa Auta daga wani ƙauye yake can arewa da Tanut. Yaro ne marar surutu, amma Allah ya ba shi harda da murya. Kun san shi aka zaɓa ya tsaya wa ajinmu a musabaƙar makaranta ta ƙarshen watan Janairu, kuma mu ƴan ɗakinsa mun fi shi zumuɗin abin.

Ciwon ba rana ɗaya ya soma ba. Tun da aka dawo hutu a watan Oktoba muka lura ba ya tauna da ɓangaren hagu. In ya kurɓi ruwan randa da asuba sai ya runtse ido, ya dafe kunci, ya yi jim, sannan ya ci gaba da alwalarsa. Wata rana ya buɗe baki ya nuna mana. Matauni ne na ƙasa, na biyu in an ƙirgo daga ƙurya, da wani baƙin kogo a tsakiyarsa wanda ƙwayar dawa za ta shige ta ɓace. Muka leƙa ɗaya bayan ɗaya, muka ce tsutsa ce, muka ce Allah ya sawwaƙe. Shi ke nan abin da muka yi.

Inda kogon ya samo asali ba ɓoyayye ba ne, sai dai a lokacin ba mu haɗa su ba. Duk wanda ya taɓa shigowa ɗakinmu bayan isha'i ya san butar shayinmu ba ta sauka daga kan gawayi sai dare ya raba. Na fari, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa kamar za a yi alewa. Auta kuma yana da tasa dabarar ta korar barci in yana tilawa: sai ya jefa alewa a kunci, a wannan ɓangaren na hagu, ya bar ta tana narkewa a hankali. Daga nan sai tabarma. Aswaki muna yi, ba mu ce ba mu yi ba, tun muna Ahalari aka koya mana falalarsa. Amma in za mu faɗi gaskiya na ganin ido ne, a goga haƙoran gaba sau uku sau huɗu a bakin masallaci a mayar da icen aljihu. Na ƙurya, waɗanda su ke yin aikin, ba mai kai musu ziyara.

Da hunturu ya kankama sai ciwon ya tashi gadan-gadan. Daren wata Alhamis ne. Muka farka muka tarar da shi zaune a kan buzu yana jijjiga kai gaba da baya kamar mai hadda, alhali ba allo ba littafi a gabansa. Ba kuka yake ba, ba nishi. Da aka tambaye shi sai ya ce, “Yaya, ji nake kamar ana buga ƙusa daga haƙorin har cikin kunne.”

Nan fa kowa ya zama likita. Na Magarya ya ce kanumfari, aka daka aka cusa a kogon, ya ɗan lafa na rabin awa. Wani ya ce ruwan gishiri da jar kanwa. Wani ya ce tafarnuwa. Aka diga turare a auduga aka danna masa, sai da ya yi tsalle. Akwai wanda ya kawo maganar ruwan batir, wai a garinsu digo ɗaya ake sawa tsutsar ta mutu murus. Allah ya sa babbanmu ya ce in dai yana ɗakin ba mai kusantar bakin yaron mutane da wannan abu. Da gari ya waye muka tare mai tallar magani a bakin hanya, ya ba mu ƙwayoyin kashe zafi na dala biyar biyar, ba takarda ba tambaya. Auta ya riƙa haɗiyarsu bibbiyu, safe da rana da dare, wani lokaci ba komai a cikinsa.

A ranar Juma'ar nan ce ya ɗora mana amana. Babbanmu ya ce bari a gaya wa Malam, sai Auta ya riƙe masa gefen riga. Ya ce, “Yaya, don girman Allah kada ku faɗa. In Malam ya ji zai cire ni daga musabaƙa.” Ya ce bana gonar babansa ba ta yi ba, in aka kira shi kan kuɗin asibiti cewa zai yi a maido yaro gida, karatun ya isa haka. Sai kuma ya faɗi abin da ya fi ba shi tsoro, wanda muka yi wa dariya da farko sannan muka daina. Ya ce ai Malamin tajwidi ya koya mana cewa harafin ladi daga gefen harshe yake fita, in ya jingina da haƙoran tauna. To in aka cire masa matauni, da me zai fitar da ladi? Wane alƙalin musabaƙa ne zai saurari wanda ba shi da ladi? Ban da haka ya ji a ƙauyensu ana cewa cire haƙori yana rage ganin ido. Ya sa muka yi masa alkawari ɗaya bayan ɗaya, mu bakwai, kuma muka yi.

Ga inda muke ganin laifinmu ya fi girma. Riƙe masa sirri kaɗai ba shi ne ba. Yaba masa muka riƙa yi. A makon ne aka yi mana darasi a kan haƙuri, sai muka dawo ɗaki muna cewa ga misali nan a gabanmu, Auta dutse ne, da wane ne da tuni ya cika unguwa da ihu. Yaron yana ji. Duk wanda aka ce masa dutse a gaban yayyensa bakwai, yaya za a yi gobe ya buɗe baki ya ce ya kasa? Mu muka rufe masa wannan ƙofar da bakinmu, muna zaton ƙarfafa shi muke yi.

Ranar Lahadi sai ciwon ya ɗauke ɗif. Ya ci tuwo da mu, ya yi tilawar izu biyu ba tuntuɓe. Muka yi murna, na Magarya ya riƙa bugun ƙirji wai kanumfarinsa ne. Ashe wannan ranar ce ya fi kamata mu tsorata.

Talata da safe kuncinsa ya ɗan tasa. Laraba ya ƙaru, jikinsa ya yi zafi, ya naɗe fuska da hirami ya shiga aji, da yake lokacin sanyi ne ba wanda ya tambaya. Alhamis ba karatu, sai muka haɗa dala ɗari biyu muka kai shi wurin wani mutum da ke zama bakin kasuwa, wanda aka ce yana fitar da tsutsar haƙori. Mutumin ya zuba wasu ƙananan ƴaƴan itace a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa mazurari, ya sa Auta ya riƙa zuƙar hayaƙin ta baki, ga kwanon ruwa a ƙasa. Can sai ga wasu farare siri-siri suna yawo a kan ruwan. Ya ƙirga mana su, guda shida. Wallahi mun gani da idonmu, kuma mun yarda. Babbanmu ya tambaye shi ko zai cire haƙorin gaba ɗaya a huta, sai ya ce a'a, ba a cire haƙori da kumburi, a bari ya saɓe tukuna. Muka dawo muna ta godiya.

Kumburin bai saɓe ba. Gangarowa ya yi. Ranar Juma'a ya bar kunci ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi, wurin ya yi tauri kamar icce, ya yi sheƙi. Bakinsa ya ƙi buɗuwa sosai, cokali ma da ƙyar yake shiga, sai koko muke ɗura masa kaɗan-kaɗan. Inna, matar maigidan da muke zaune, ta gan shi a bakin famfo ta ce, “Kai ƴan nan, me ya sami yaron nan?” Muka ce mata hangum ne, yana samun sauƙi. Wannan ƙaryar har yau in mun haɗu da Inna sai mun sunkuyar da kai.

Daren Asabar wajen ƙarfe ɗaya, wani sauti ya tashe mu. Auta ne zaune ya jingina da bango, ya miƙa wuya gaba, miyau yana dalala a kan rigarsa don ya kasa haɗiye shi. Aka ce ya kwanta, ya girgiza kai, wai in ya kwanta numfashi yana yi masa wuya. Muryar nan da kuka sani ta koma wata iri, kamar mai magana da dankali mai zafi a baki. Jikinsa kamar garwashi, yana kuma rawar ɗari.

Muka fita tsakar gida cikin sanyi muka yi gardamar da ba mu taɓa yin irinta ba. Wani ya ce alkawari muka yi, kuma mun san matsayin mai saɓa alkawari. Wani ya ce a bari gari ya waye, ba a buga wa Malam ƙofa tsakar dare. Wani ya ce in Malam ya ji kwana tara muna ɓoyewa, korarmu za a yi mu duka. Kowa da hujjarsa, har da masu jawo abin da aka karanta a aji. Ana cikin haka sai ɗayanmu, wanda bai ce uffan ba tun da aka soma, ya ce, “To in ya mutu kafin asuba, wa zai gaya wa babansa cewa alkawari muka riƙe?” Ba wanda ya amsa. Ya sa takalmi ya fita, biyu suka bi shi. Auta ya sha tambayarmu wane ne ya fara tafiya. Mun gaya masa mu duka ne, kuma a nan ma haka za mu bar shi.

Malam bai yi faɗa ba a daren. Ya haska fitilar waya a fuskar Auta, ya ce ya buɗe baki, ya ga iyakar buɗuwar, sai kawai ya ce, “Innalillahi. A nemo abin hawa.” Wani maƙwabci mai kabu-kabu ya fito, aka sa Auta a tsakiya, babbanmu ya riƙe shi ta baya, Malam ya bi su a nasa babur. Mu sauran muka bi da ƙafa har babban asibiti, ba mu ma ji nisan ba.

Kafin mu isa an riga an sa masa ƙarin ruwa, ana ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Aka ce a bar shi a zaune, kada a kwantar da shi, kuma wata ma'aikaciya ta riƙa zuwa tana duba numfashinsa har gari ya waye. Malam ya samu baban Auta a wayar wani mai shago na ƙauyensu bayan sallar asuba. Muna jin abin da yake cewa: “Malam, yaro naka ne. Duk abin da likita ya ce a yi, a yi.” Aka rubuto takardar magani, muka zazzage aljihunmu da ɗan asusun shayi, jika bakwai da rabi suka taru, Malam ya cika sauran, aka ruga farmasi.

Da safe aka kira likitar haƙori, wata mata mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta sa aka ɗauki hoton muƙamuƙin, ta ɗaga shi a haske ta nuna wa Malam wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar haƙorin. Ta ce yau za a cire shi, yanzu. Babbanmu ya yi ƙarfin hali ya ce, “Dokta, an ce mana ba a cire haƙori da kumburi.” Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, “Wa ya ce?” Ya yi shiru. Ta ce, “In ƙaya ta soke ka ƙafa ta kumbura, jira kake kumburi ya saɓe kafin ka cire ƙayar? Haƙorin nan shi ne ƙayar.”

Mutum biyu cikinmu aka bari suka tsaya bakin ƙofa, su suka ba mu labari. Ta yi masa allura can ƙuryar baki, ta jira har ya ce leɓensa na ƙasa da rabin harshensa sun yi nauyi kamar ba nasa ba. Ta gaya masa gaskiya tun kafin ta soma, cewa inda mugunya ta taru allura ba ta cika kamawa sosai ba, zai ji dannawa, wataƙila da ɗan zafi, in ya yi yawa ya ɗaga hannu. Wahalar ita ce bakin da ba ya buɗuwa. A hankali ta riƙa lallaɓa shi har ta samu hanya. Ta fara sassauta haƙorin da wani ƙarfe mai kama da ƙaramin cokali, sannan ta kama da awartaki tana jijjigawa. Saman ya rube, sai ya fashe, dole ta fitar da saiwoyin biyu ɗaya bayan ɗaya. Suka ce da ta biyun ta fito, sai mugunya ta biyo, da wani wari da ya kai har bakin ƙofa. Bayan haka aka ɗan tsaga ƙarƙashin muƙamuƙin aka sa wata ƴar roba don sauran ta riƙa tsiyayewa. Duka-duka bai kai awa ɗaya ba. Abin da muka yi kwana tara muna gudu ke nan.

Da ta fito ta wanke hannu, sai ta ce a tara mata mu. Muka tsaya a baranda kamar masu jiran bulala. Ta tambayi abin da muka ba shi, muka lissafa, ba mu rage komai ba. Ba ta zage mu ba, amma da ta zage mu da ya fi mana sauƙi. Ta ɗauki takarda ta zana haƙori. Ta ce farin da muke gani a waje shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan taushi, can tsakiya kuma akwai ɗaki mai jijiya da hanyoyin jini. Ba wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a bakin kowa, in suka samu sukari sai su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori a hankali, wata da watanni. Abin da ya fi ɓarna, in ji ta, sukarin da ke daɗewa a baki ne, musamman da dare lokacin da miyau yake raguwa. Muka dubi juna, kowa ya tuna butar shayi da alewar Auta.

Na Magarya ya ce, “Amma Dokta, mun ga tsutsotsin da idonmu, guda shida.” Ta ce ƴaƴan itacen ne suke fashewa in sun ji zafi, ɗan farin tsiron da ke cikinsu ya faɗo ruwa. Ta ce mu samo irinsu mu ƙona ba tare da bakin kowa a wurin ba, za mu ga tsutsa. Kanumfari kuwa ta ce gaskiya ne yana kashe zafi na ɗan lokaci, su ma likitoci suna amfani da mansa, amma ba ya toshe kogo. Ƙwayoyin da muka saya su ma zafin kawai suka danne, cutar tana ta tafiyarta a ƙasa. Da ta ji maganar ruwan batir sai ta ajiye alƙalami ta dafe kai.

Sannan ta zo kan ranar Lahadi, ranar da muka yi murna. Ta ce lokacin da ciwo mai tsanani irin wannan ya ɗauke shi kaɗai, sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Haƙori ya zama gawa a cikin baki, ƙwayoyin cuta su bi ta saiwa su fita cikin ƙashi, mugunya ta taru ta nemi hanya. In na sama ne tana iya haurawa wajen ido. In na ƙasa ne, irin na Auta, tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, ta tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Ta ce wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan nau'in tun 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma har yau yana kisa in aka makara. Auta bakin wannan hanyar ya kai. Ta ƙirga mana alamomin da yatsunta ta ce mu haddace su kamar yadda muke haddace karatu: kumburi da masassara tare, baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu su kasa shiga, haɗiya ta gagara, murya ta canza, mutum ya kasa kwanciya don numfashi. Ta ce ko ɗaya aka gani ba a jiran safiya. Muka ƙirga a zuci. Auta ya cika su biyar, uku daga ciki tun ranar Juma'a.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne da ta ce da a watan Oktoba aka kawo shi, wanke kogon kawai za ta yi ta cike shi, ya tashi ya koma aji da haƙorinsa. Ta ce wannan mataunin yana fitowa ne tun yaro yana shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa suke zaton na famfara ne, wani zai fito a madadinsa. Ba wanda zai fito. Cikin 32 da Allah yake ba babban mutum, Auta ya rasa ɗaya tun bai gama tara su ba.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. Muka raba kwana bibbiyu. An hana shi kurkure baki da tofar da miyau a ranar farko, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, an hana shi abu mai zafi da tsotson komai. Daga rana ta biyu sai ruwan ɗumi da gishiri, a hankali. Inna ta riƙa aiko kunu da fura mai ruwa-ruwa, ba ta kuma taɓa tayar da maganar hangum ba. Ranar Litinin babansa ya iso a motar kasuwa, ya sayar da akuya biyu. Muna tsoron haɗuwa da shi, amma da ya ji dalilin ɓoyewar sai ya zauna bakin gado ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, “Kai yanzu da na zo na tarar an rufe ka, akuyoyin me zan yi da su?” Ya mayar wa Malam kuɗinsa, namu kuwa muka ƙi karɓa, sai da Malam ya sa baki ya bar mana.

Faɗan Malam sai bayan an sallamo Auta ya zo, kuma gajere ne. Ya ce alkawarin da zai kai ga halakar rai ba a ɗaukarsa tun farko, in kuma an ɗauka warware shi ne wajibi. Ya ce haƙurin da ya karantar da mu bai hana neman magani ba, mu ne muka karanta rabin darasi muka rufe littafi. Ustaz na tarihi kuma ya shigo da nasa a mako na gaba. Ya ba mu labarin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rayu kusa da Ƙurɗuba ya rasu wajen 1013, mai littafin At-Tasrif mai kashi 30. A kashi na ƙarshe ya zana kayan fiɗa da hannunsa, har da na kankare haƙora da na cire su da na zaƙulo saiwar da ta karye. Ustaz ya ce mutumin ya yi gargaɗi kada a yi gaggawar cire haƙori in ana iya ceto shi, a tabbatar da wanda ke ciwon kafin a taɓa, a kuma guji garajen masu ƙaho da ba su san aikin ba. Mu abin da ya ba mu kunya shi ne, shekara dubu da ta wuce wani malami Musulmi ya rubuta wannan da Larabcin da muke koyo kullum, mu kuwa muna bakin kasuwa muna ƙirga tsutsa.

Musabaƙa ta wuce Auta yana fama da kunu. Wani aka sa a madadinsa, ajinmu ya zo na uku. Ya yi kusan mako biyu ba ya yi mana magana sai sallama, wai mun ci amanarsa. Ba mu matsa masa ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da ya sasanta mu ladi ne. Ranar da ya koma gaban Malamin tajwidi, ya karanta Fatiha, da ya zo ƙarshe sai ya tsaya yana duban ƙasa. Malam ya ce, “Me ya faru?” Ya ce, “Allah gafarta Malam, ladina ya fita daidai?” Malam ya ce, “Wane haƙori aka cire maka?” Ya ce na ƙasa. Malam ya ce, “To ladi da na sama yake aiki. Ashe ka biya haƙori guda don ba ka saurari darasi ba.” Aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi, ya dafe muƙamuƙi don wurin bai gama warkewa ba. Idonsa kuwa garau, ƙananan rubutun gefen Risala shi ke karanta mana su.

Da muka raka shi a cire masa robar, likitar ta ce tunda mun zo kowa ya hau kujera. Cikin mu bakwai, uku suna da kogo. An cike wa biyu, na ukun, wato na Magarya mai kanumfari, yana ta kawo uzuri, yau jarrabawa gobe ba kuɗi. Mun ba shi wa'adi zuwa ƙarshen watan nan, in bai je ba Malam zai ji, kuma mun gaya masa a gaban kowa don kada ya ce an ci amanarsa. Shayi ba mu daina ba, ƙarya ne mu ce mun daina. An dai rage sukari bayan gardama mai tsawo, an hana alewar dare, kuma akwai kofi a bakin ƙofa da burushi takwas da man goge baki, ga aswakin dogon yaro wanda yanzu yake kaiwa har ƙurya.

Kafin mu miƙa wannan rubutu mun karanta wa Auta shi daga farko har ƙarshe. Ya ce komai haka ya faru, sai dai akwai abu ɗaya da muka tsallake. Ya ce tun daren Laraba ya so ɗayanmu ya karya alkawarin, yana ta jira, ba wanda ya yi. Ya ce mu ƙara wannan.

 Daga ƴan ɗaki na uku.